Jagoran Malamin Rawar Gargajiya Mai Karatun Digiri a Bakin Aiki a Boɗinga da Shagari

Karatun digiri a bakin aiki shi ne tsarin da ma'aikaci yake neman digirin jami'a ba tare da ya ajiye aikin da yake ciyar da iyalinsa da shi ba, kuma a cikakkiyar siffarsa wani kaso mai yawa na abin da malamai za su auna shi a kai yakan fito ne daga cikin aikin nasa na yau da kullum. A Ingila akwai jami'o'i, irin su Jami'ar Middlesex da ke Landan, waɗanda suka daɗe da tsara irin wannan digiri domin masu rawa da 'yan wasan kwaikwayo da masu koyar da su, inda ɗalibi yake mayar da sana'arsa abin nazarinsa. A Nijeriya tsarin bai ɗauki wannan kama sak ba, amma karatun nesa da na dogon hutu da na ƙarshen mako suna kai mai himma kusa da ita. An yi wannan jagora ne domin malamin firamare ko na ƙaramar sakandare a ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari na Jihar Sakkwato, namiji ko mace, wanda aka ɗora wa darasin al'adu da fasaha, wato darasin da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara ta haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a cikinsa, ko kuma wanda yake horar da ƙungiyar wasannin gargajiya ta makarantarsa, alhali yana riƙe da takardar NCE kuma yana son ya kai ga digiri.

Irin wannan malami kaya uku ne a kansa, wato koyarwa da karatun jarrabawa da binciken da zai zama kundin kammala digiri, kuma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Mafi yawan waɗanda suke gajiya a hanya suna gajiya ne saboda sun ɗauki kowane ɗaya a matsayin aiki mai zaman kansa, sai su koyar da rawa da rana, su haddace darasin da ba shi da alaƙa da ita da dare, sannan a shekarar ƙarshe su zaɓi batun bincike mai faɗi da ba su taɓa sa hannu a cikinsa ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce malami ya mayar da ajinsa fagen bincikensa tun daga zangon farko, ta yadda wahala ɗaya za ta biya buƙata uku. Garin Shagari ma yana da abin koyi a kan haka, domin Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925 kuma ya shugabanci ƙasa daga 1979 zuwa 1983, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, kuma a shekarun koyarwarsa ne ya tsara Waƙar Nijeriya domin ya sauƙaƙa wa ɗalibai sanin labarin ƙasa da tarihinta. Buƙatar aji ce ta haifi aikin da ya shiga jerin rubutaccen adabin Hausa.

Zaɓen hanyar karatu

Hanyoyin da suke gaban malamin Boɗinga ko na Shagari duk suna bi ta birnin Sakkwato, wanda babban titin da ya nufi Tambuwal da Jega ya haɗa shi da garuruwan biyu, Boɗinga ta fi kusa, Shagari kuma tana gaba da ita. Hanya ta farko ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fara kafawa a 1983 a zamanin mulkin Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Tana da cibiyar karatu a Sakkwato, ɗalibi yana karanta littattafan darasi a gida, yana yin ayyukan auna fahimta ta intanet, sai lokacin jarrabawa ya je cibiya. Ta biyu ita ce Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 musamman domin malaman da suke bakin aiki, kuma darussanta na haɗuwa sukan faɗo a ƙarshen mako da lokutan hutu. Ta uku ita ce karatun dogon hutu ko na wucin gadi da jami'o'i da kwalejojin ilimi suke buɗewa, kuma a nan ya kamata malami ya je da ƙafarsa ya tambaya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta faro a 1975, da makarantar horar da malamai mai ɗauke da sunan Shehu Shagari, wadda ta faro a 1970, domin fannonin da ake buɗewa sukan sauya daga shekara zuwa shekara. Wanda garinsu yake da ƙarancin sadarwar waya ya yi tunani sosai kafin ya zaɓi hanyar da ta dogara ga intanet, wanda kuma gonarsa ce rabin abincin gidansa ya san cewa dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina.

Sassan jami'a da suke koyar da wasan kwaikwayo da rawa kai tsaye, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Bayero a Kano, sun yi wa mai aiki a Boɗinga nisa, saboda haka ƙofar da ta fi kusa ita ce digirin koyar da Hausa, inda rawa take shiga ta ɓangaren al'ada da adabin baka, ko digirin ilimin firamare, inda take shiga ta ɓangaren dabarun koyarwa, ko na ilimin motsa jiki. Kowane ya zaɓa, abu biyu ba a wasa da su: ya tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da fannin, kuma ya nemi izinin ƙaro ilimi a rubuce, ta hannun shugaban makarantarsa zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Izinin baki yakan tafi tare da wanda ya bayar da shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, digirin da aka yi ba da sanin hukuma ba kuma yakan ba mai shi wahala a lokacin neman ƙarin girma.

Rabon shekara da rabon mako

Kalanda huɗu suke juya rayuwar wannan malami, ta makarantar da yake koyarwa mai zango uku, da ta jami'a mai zango biyu, da ta noma, da ta watannin Musulunci, kuma aikinsa na farko shi ne ya shimfiɗa su a takarda ɗaya ya ga inda suke cin karo. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka atisayen rawa a wannan lokaci sai da sanyin safiya ko a inuwa, a gajarce, da ruwan sha a kusa, kuma waɗannan watanni sun fi dacewa da karatun littattafai da rubutu. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, tana janye yara da iyayensu zuwa gona, amma ita ce kaɗai damar ganin kiɗan noma a muhallinsa, inda makaɗi yake bin manoma da ganga a wurin gayya. Kaka da hunturu su ne kasuwar mai binciken rawa, domin a lokacin ne amfanin gona yake shigowa gida, bukukuwan aure suke yawaita, ake buɗe filayen dambe da kokawa, dattawa kuma suke samun sukunin zama su yi hira. Watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a cikinsa ana dakatar da atisaye mai wahalar da jiki, sai dai daga goma ga wata yara sukan fara tashe, wanda wasa ne mai haɗe da waƙa da rawa da kwaikwayo, kuma duk wanda ya bar shi ya wuce bai rubuta komai ba sai ya jira wata shekara.

Rabon mako ya fi sauƙi, amma ya fi buƙatar riƙon alkawari. Sa'a ɗaya bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, ta fi sa'a uku na dare bayan jiki ya sha tsalle, saboda haka karatu mai nauyi a ba shi safiya, a bar wa dare aikin hannu irin su kwafe hira da shirya darasin gobe. Yawancin yara suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya da yamma, waɗanda suka saba hutu ranakun Alhamis da Juma'a, don haka yammacin Alhamis shi ne lokacin atisayen da ba zai jawo saɓani da malaman addini ko iyaye ba. Tafiya Sakkwato kuwa a tara mata buƙatu, a yi rajista da ganin malami mai duba kundi da shiga ɗakin karatu a rana ɗaya, a kuma kama hanyar gida da sauran rana.

Matsayin rawa a ƙasar malamai

Wanda zai koyar da rawa a wannan yanki dole ya san ƙasar da yake takawa. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa da rubuce-rubuce bayan yaƙe-yaƙen jihadi sun lafa, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. A waɗannan shekaru ne malaman biyu suka yi musayar ra'ayi a rubuce a kan wasu mas'aloli da suka haɗa da kayan kiɗa da tufafin ƙawa da laƙabin sarauta, Malam Abdullahi yana tsanantawa a littafinsa Liya'us Sulɗan, Shehu kuma a Najmul Ikhwan yana jan hankali ga cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a gaggauta hukunta jama'a da shi. Masanin kiɗa Veit Erlmann ya wallafa littafi a 1986 a kan matsayin kiɗa a rubuce-rubucen masu jihadi, kuma ɗalibin da zai yi kundi a kan rawa a Boɗinga bai kamata ya tsallake wannan tarihi ba, domin shi ne yake bayyana dalilin da ya sa uba zai yarda 'yarsa ta yi gaɗa da tsaranta mata, amma ya hana ta fita fili gaban maza.

Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne malami ya raba maza da mata a atisaye, malama ta riƙe 'yan mata, ya tace waƙoƙin da za a rera, ya kiyaye lokutan salla, ya kuma gabatar da shirinsa ga ƙungiyar iyaye da malamai tun kafin ganga ta shigo makaranta. Akwai raye-rayen da za a iya nazarinsu amma ba a koya wa yara su, kamar rawar 'yan tauri mai haɗe da wuƙaƙe da rawar bori. Waɗanda suka dace da makaranta su ne irin gaɗa, da rawar noma da ake yi da fartanya ko kwatankwacinta, da takkai, wadda samari suke yi a da'ira kowa yana haɗa sandarsa da ta na gabansa da ta na bayansa bisa bugun ganga. Malamin da ya samu yardar iyaye a kan waɗannan ya samu yardar yin bincike ma, domin mutanen da zai koma wa da tambaya su ne dai waɗannan iyaye.

Aji a matsayin fagen bincike

Bincike yana farawa ne daga tambaya, kuma ƙwarewar farko da ɗalibi zai koya ita ce ƙunƙuntar da ita har ta zama abin da mutum ɗaya mai albashin malami zai iya amsawa cikin shekara ɗaya. Batu kamar raye-rayen Hausawa jiya da yau ya fi ƙarfin kundin digirin farko, kuma wanda ya ɗauke shi zai ƙare da kwafe abin da wasu suka faɗa. Amma idan ya tambaya waɗanne wasannin gaɗa ne matan da suka haura shekara sittin a Sifawa suka yi da ƙuruciya, waɗanne ne kuma 'yan aji biyar na yau suka sani daga cikinsu, to ya samu farfajiyar bincike, wato iyakar wuri da mutane da zamanin da aikin zai tsaya a kansu. Haka nan idan ya tambaya ko yara sun fi saurin kama takun takkai in an fara koya musu da tafi kafin a kawo ganga, ya samu tambayar da ajinsa kaɗai zai amsa. Irin wannan ta biyu ita ake kira binciken gyaran aiki, tsarin da ake danganta asalinsa ga Kurt Lewin a shekarun 1940, wanda ma'aikaci yake tsara wani sauyi, ya gwada shi, ya lura da abin da ya biyo baya, ya yi nazari, sannan ya sake tsarawa, zagaye bayan zagaye.

Makamin wannan aiki shi ne littafin lura, wato littafin rubutu mai kauri da malami yake keɓewa domin abin da ya faru a atisaye, kuma a nan ne yawancin kundaye suke samun rai ko su rasa shi. Ana rubuta shi ne a ranar, cikin minti goma sha biyar bayan an sallami yara, kafin hira da gajiya su shafe abin da ido ya gani. Kowane shafi ya fara da kwanan wata da wuri da adadin yaran da suka zo da abin da aka yi niyyar koyarwa, sannan a raba shi gida biyu, hagu domin abin da ya auku, dama domin abin da malami yake zaton shi ne dalili. Wannan rabo yana da muhimmanci ƙwarai, domin cewa yara sun ji daɗin darasi zato ne, amma cewa yara shida daga cikin ashirin suna sauke ƙafar hagu kafin bugu na huɗu abu ne da aka gani, wanda wani zai iya zuwa ya duba. Ɗalibin da ya saba bambance gani da zato ya riga ya mallaki rabin abin da darasin hanyoyin bincike yake son koya masa. Donald Schön, a littafinsa na 1983, ya nuna cewa ƙwararre yana da wani ilimi da yake aiki da shi wanda bai taɓa furta shi ba, kuma malamin rawa misali ne bayyananne, domin yakan gyara wa yaro tsayuwa da hannu ba tare da ya iya faɗin abin da ya gyara ba. Littafin lura shi yake tilasta masa ya nemo kalmomin. A ƙarshen kowane mako ya karanta abin da ya rubuta, ya ja layi ƙarƙashin abin da ya maimaitu, ya kuma nemi inda ya haɗu da darasin jami'a na wannan zango, ta yadda idan aka ba shi aikin gida a kan halayyar koyon yara ko auna fahimtar ɗalibai, misalansa suna nan a hannu.

Sai batun rubuta rawar kanta, wanda ya fi rubuta waƙa wuya, tunda waƙa tana da kalmomi, rawa kuwa motsi ce mai wucewa. Turawa suna da tsarin alamomi da Rudolf Laban ya fitar a 1928, amma koyonsa yana cin lokacin da malami mai kaya uku ba shi da shi, kuma jadawali mai sauƙi ya wadatar. A ja gidaje huɗu, na farko domin ƙidayar bugun ganga ko tafi, na biyu domin abin da ƙafa take yi a kowane bugu, na uku domin hannu da kafaɗa da gangar jiki, na huɗu domin gaɓar waƙar da ta faɗo a wurin. A ƙasa kuma a zana fili kamar ana kallonsa daga sama, ɗigo a madadin kowane mai rawa, kibiya a madadin inda ya nufa. A gaɗa, alal misali, za a nuna rabin da'irar 'yan mata masu tafi, da fitar ɗaya zuwa tsakiya, da bugun da take faɗowa da baya a kansa su cafe ta su cilla, kuma wannan zane shi ne zai nuna wa malama yawan hannuwan da ake buƙata a bayan yarinya domin kada ta faɗi ƙasa. Sunayen taku kuwa a karɓo su daga bakin masu rawar, kada a ƙirƙira musu. Bidiyon waya yana taimakawa idan an kafa wayar a kwance a wuri ɗaya, jiki duka yana fitowa har tafin ƙafa, an kuma faɗi kwanan wata da sunan gari a farkon ɗauka, sannan a kwafe shi a wuri biyu a makon, domin wayar da ake kai wa masu caji tana iya ɓata ko ta lalace da aikin shekara guda a cikinta. Hoton yara amana ne: ba a ɗauka sai da yardar iyaye, ba a sa shi a Facebook ko TikTok ko zaurukan WhatsApp, a cikin kundi kuma ana sakaya sunayensu.

Zuwa wurin masu abin

Rawa tana da masu ita, wato makaɗa da zabiyoyi da tsofaffin sarakunan samari da tsofaffin matan da suka yi tashen dandali, kuma ana shiga wurinsu ta ƙofa. Mai bincike ya fara gaida mai unguwa ko maigari, idan aikin zai game ƙauyuka ya kai gaisuwa ga uban ƙasa da takardar gabatarwa daga jami'a, ya ce ranka ya daɗe, ya faɗi abin da ya kawo shi a fili. Dattijo ana ce masa Baba ko Malam ko a kira shi da sarautar sana'arsa, tsohuwa ana ce mata Inna ko Hajiya, ba a zuwa ranar kasuwa ko gab da salla, ba a kuma kunna rikoda sai an nemi izini an bayyana inda maganar za ta je. Tambaya mai kyau ita ce wadda take buɗe baki, kamar a ce, "Baba, a hannun wa ka koyi wannan kiɗa, kuma a wane irin taro ake yin sa?" Idan kuwa aka ce masa ai rawar nan ta mutu ko, to an sa masa amsa a baki, kuma ladabi zai sa ya amince. Dattawa ba su cika ƙidaya da shekarun Miladiyya ba, sai su ce zamanin wane, saboda haka yana da amfani mai bincike ya riƙe cewa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya yi sarauta daga 1931 zuwa 1938, Sarkin Musulmi Abubakar na uku kuma daga 1938 zuwa 1988. Duk labarin da mutum ɗaya ya bayar a nemi wasu biyu da ba su zauna tare da shi ba a ji nasu, inda suka saɓa kuma a rubuta saɓanin yadda yake. Malama tana da gata a nan wanda namiji ba shi da shi, domin tana shiga cikin gida inda waƙoƙin gaɗa da na daka da na reno suke. Makaɗi kuwa kiɗa ne abincinsa, don haka kuɗin goro da na mota su shiga lissafin bincike tun farko, tare da kuɗin makaranta da na data.

Kwafe hira daga rikoda zuwa takarda yana cin ninkin lokacin hirar sau da yawa, kuma a yi shi a makon da aka ɗauke ta, tun ana tuna abin da hannu ya nuna lokacin da baki yake magana. Mutanen Boɗinga da Shagari Sakkwatanci suke yi, saboda haka idan tsohuwa ta ce shina, ko mi, ko wanga, ko yaz zo, haka za a rubuta, kada a mayar da maganarta daidaitacciyar Hausa da sunan gyara, domin kari da amsa-amon waƙa sukan rataya ne a kan waɗannan siffofi, kuma wanda ya goge su ya goge shaidar inda waƙar ta fito. Bayanin mai bincike shi ne zai zo da daidaitacciyar Hausa.

Haɗa kundi

Kundin digirin farko ya saba zuwa da babi biyar, gabatarwa, da bitar ayyukan da suka gabata, da hanyoyin gudanar da bincike, da nazarin bayanan da aka tattaro, da kammalawa, kuma wanda ya riƙe littafin lura shekara biyu zai tarar babi na uku da na huɗu sun kusa rubuta kansu. Babi na biyu shi ne yake buƙatar zama a ɗakin karatu. A nan ɗalibi zai amfana da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau, da ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, da littafin Ziky Kofoworola da Yusef Lateef na 1987 a kan wasanni da kiɗan Hausawa, da tarin kundayen da ke Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da takardun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Mai karatu zai lura cewa nazarin waƙa da makaɗa ya yi wa nazarin motsin jiki nisa ƙwarai a fagen Hausa, kuma wannan giɓi shi ne hujjar ci gaba da bincikensa. Duk jimlar da ya ɗauko ya rubuta sunan mai ita da shekara da shafi a take, domin satar fasaha sau da yawa daga sakaci take farawa. Sayen kundin da wani ya rubuta, ko sa na'ura ta ƙago hirar da ba a yi ba, ha'inci ne ga jami'a da kuma dattawan da za a jingina wa maganar da ba su faɗa ba. Malami mai duba kundi kuwa a riƙa kai masa babi ɗaya-ɗaya, a rubuta gyaransa a gabansa, kada a jira sai aiki ya kammala.

Idan zango ya yi tsanani, jarrabawar jami'a ta haɗu da shirin bikin makaranta, abin da za a rage shi ne yawan darussan da aka yi wa rajista ko yawan raye-rayen da za a nuna, amma ba a taɓa littafin lura, ba a kuma bar aji ba malami, tunda haƙƙin yaran shi ne ya halatta albashin da ake biyan kuɗin karatun da shi. Bayan an kare kundi a gaban malamai, ɗalibi ya koma wa waɗanda ya yi hira da su ya karanta musu abin da ya rubuta a kansu, ya bar kwafi ɗaya a makarantarsa domin malamin da zai gaje shi, ya kuma miƙa kwafin hirarrakin manya da suka yarda ga ɗakin ajiyar tarihi a Sakkwato. Sakatarorin ilimi na Boɗinga da Shagari da shugabannin makarantu su ma suna da rawar takawa: su sauƙaƙa bayar da izinin ƙaro ilimi a rubuce, su daidaita jadawalin irin waɗannan malamai a makonnin jarrabawa, su kuma nemi a kawo musu kwafin kowane kundi da aka rubuta a kan wasannin garuruwansu.